Ƙofar Shanu

A kwalejinmu ta horon malamai, tsakanin Gwandu da Kalgo, akwai wani giɓi a katangar yamma da ɗalibai ke kira Ƙofar Shanu. Wai a kan tsohon burtali aka gina makarantar, shi ya sa ba a toshe shi. Da aka ba ni kula da gine-gine a 1987, na ce camfin banza ne, na sa magina suka cike shi da bulo.

Bayan isha'i na je duba ko siminti ya kama. Sai ga wani tsohon Bafulatani tsaye, sanda a kafaɗa.

Ya ce, "Malam, wa ya rufe hanyag ga?"

Na ce, "Ni ne, Baffa. Yaushe rabon da saniya ta bi nan?"

"Kullum suna bi."

Ga farin wata, fili fayau, ko akuya babu. Amma warin ɗanyen kashin shanu ya cika mini hanci.

"Kuma ba su iya kewaye ba," in ji shi. Ya kaɗa harshe, ya kira su.

Na ja da baya, bulon da na sa ya tare ni. Sai huci mai ɗumi ya daki fuskata, tsinin ƙaho ya sauka a ƙirjina.