Ɓarawon Da Ya Wanke Ƙafa

"Kwamfutar fa?"

"Ga ta bisa tebur, yallaɓai. Ko taɓa ta ba a yi ba."

"Ke nan fasfo kaɗai aka ɗauka?"

Lubabatu ta ɗaga kai, hawaye na neman ƙwace mata. Sufeto Labbo ya ƙare wa ɗakin kallo. A shekara goma sha tara da ya yi yana aiki, bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki ɗan littafi kore ba.

"Wane irin aiki kike yi da har ake kiranki waje?"

"Fassara. Ana turo mini rubutu ta intanet, in mayar da shi Hausa in tura. Ba ni da oga, wanda ya ba ni aiki in yi mashi. Shekara uku ina yi a nan Anka. Yanzu wani kamfani a Dubai ya ce in zo in zauna da su. Ran Litinin ake son fasfon a Abuja. In ban kai ba, wani za su ɗauka."

Yau Alhamis. Sufeto ya rubuta.

Innarta na zaune bakin ƙofa, goye da jikarta Ma'u mai rarrafe.

"Inna, ina kuke jiya da hantsi?"

"Gidan suna munka tafi, mu duka."

"Wa ya san inda ake aje makulli?"

"Babu kowa." Ta faɗa da sauri, idonta a ƙasa.

Sufeto bai matsa mata ba. Ya fita zaure yana dube-dube, don shi mutum ne da ƙaramin abu ke hana shi sukuni. A bayan ƙyauren zaure, a lungu, ya ga wata tasa da guntun sabulu. Ruwan ya kwanta, a ƙasansa akwai laka mai laushi, ja-ja, wadda ba irin ƙasar unguwar ba ce.

"Nan kuke aje tasar nan?"

"A'a," in ji Lubabatu da mamaki. "Kullum gindin randa take, a bakin tsakar gida. Tun jiya muke nemanta."

Ya murza lakar a yatsa. Ya san ta. Ya yi aiki a Bagega lokacin da gubar dalma ke kashe yara, ya ga yadda ma'aikatan lafiya suka koya wa masu niƙa dutsen zinari: kada ka shiga gidan da ke da yaro sai ka tuɓe rigar aiki, ka wanke hannu da ƙafa.

Ɓarawo mai tausayin jaririya! Ya mayar da tasar daidai inda ya same ta.

"Akwai mai aikin zinari da ke shigowa gidan nan?"

Lubabatu ta ce, "Yaya Namadi. Ɗan ƙanen babana ne. Shi zan aura. Amma shi ya saya mini kwamfutar nan, yallaɓai!"

Da la'asar kofur ɗin da Sufeto ya aika ya zo da Namadi a kan babur ɗin Namadin, jikinsa duk ƙurar injin niƙa. Dogo ne, mai sanyin murya.

"Ina kake jiya?"

"Bagega, ranka ya daɗe. Rabona da Anka tun Juma'a."

"To, madalla. Shigo mu yi magana a ciki."

Namadi ya hango Ma'u tana rarrafe a tsakar gida. Bai ko yi tunani ba, ya cire riga ya rataye a ƙusa, ya tuɓe takalmi, ya miƙa hannu bayan ƙyaure ya jawo tasar.

"Tsaya nan," in ji Sufeto a hankali. "Wa ya gaya maka tana can?"

Hannun Namadi ya tsaya cak.

"Mutanen gida tun jiya suke nemanta. Kai da rabonka da garin tun Juma'a, hannunka ya je kanta kai tsaye."

Inna ta rufe fuska da mayafi. "Na gane shi yana fita sa'ad da na dawo ɗaukar zane. Na kasa faɗi. Ni ma ban so ta tafi."

Namadi ya durƙusa. "Fasfon na cikin akwatin kayan babur ɗina, na naɗe shi a leda don kar ya yi ƙura. Wallahi na kasa ƙona shi." Ya dubi Lubabatu. "Na ga kina ta nisa, Luba. Kullum kina magana da mutanen da ban sani ba, da harshen da ban ji. Na ce in kin hau jirgi, mi za ki yi da mai niƙa dutse?"

"Ka tambaye ni?" in ji Lubabatu. "Takardar da sunka aiko ta ce bayan wata shida ina iya ɗauko mijina. Na ɓoye ta ne in nuna maka ran da biza ta fito."



Sufeto Labbo ya tausaya wa Namadi, amma an riga an shigar da ƙara. Ya yi wa kofur alama ya tafi da shi, ba tare da ankwa ba. Namadi ya ɗauki rigarsa ya bi shi ƙafa ba takalmi.

Kofur ya dawo ya miƙa wa Lubabatu ledar. Ta buɗe, ta duba hotonta, ta rungume fasfon a ƙirji.

"Za ki janye ƙarar?" Sufeto ya tambaya.

"Gobe da safe zan zo in janye, yallaɓai." Ta ɗaga murya yadda wanda ke bakin zaure zai ji. "Ran Lahadi kuma zan shiga motar Abuja. Ni kaɗai. Takardar nan ta ɗauko miji kuwa, sai na yi tunani."