Hannun Nata'ala

Ciwon haƙorin Ya Kaka ne ya fara shigar da Nata'ala gidan Goni Usman a Mandawari. Wanzami ne ɗan wanzami, amma a cikin birni an fi saninsa da cire haƙori, don hannunsa sauƙi gare shi. Ya durƙusa a tsakar gida, ya kwance zabira, ya zaro awartaki. Aka kira jikar tsohuwar ta zo ta riƙe mata kai.

Zara ce ta zo. Ta dubi awartakin ta ce, "Da wannan za ka shiga bakin kakata? Ai na maƙera ne."

"Maƙeri ya ƙera shi, amma maganata yake ji. Riƙe ta da kyau."

"In ta yi kuka, kai ma sai ka yi."

Da aka gama, Ya Kaka ta kurkure baki da ruwan kanwa mai ɗumi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ni ake cire wa haƙori, amma ba ni ake kallo ba."

Daga ranar tsohuwar ta zama 'yar aike. In ta fito sayen zare a Kasuwar Kurmi sai ta ratsa rumfarsa.

"Ta ce in gaya maka, ɗan wanzan, duk sallamar da ta ji a zaure sai ta ajiye tsintsiya ta saurara."

"Ki ce wa Zarata, da ina da iko da na sa wa duk mutanen gidanku ciwon haƙori, in riƙa zuwa kullum."

Ya Kaka ta yi dariya har da riƙe kunci.

Amma da ya tura manyansa, Goni, mahaifin Zara, ya sallame su da mutunci, bai ba su komai ba. Gidansa gidan karatu ne, ga shi kuma Ashafa, mai sayar da tufafi a Kurmi, ya riga ya yi maganar aurenta. Modu, yayan Zara, shi kaɗai ya tsaya wa Nata'ala. "Ka yi haƙuri, zan tausa Baba a hankali."

Sai annobar marisuwa ta shigo gari bayan damina, shekarar da Turawa suka gama yaƙinsu. Mutum zai kwanta da zazzaɓi da tari, kafin a ankara ya cika. Makara ba ta hutawa. Masu ciwon kai suna zuwa a yi musu ƙaho, masu ciwon muƙamuƙi suna cewa haƙori ne a cire. Aikin Nata'ala kuwa fuska da fuska ne, numfashin mutum a kan hancinsa. Mahaifinsa ya rasu. Shi ko mura bai yi ba.

Wannan ne ya fara damunsa. In ya ji an yi rasuwa sai ya tambayi suna, sai ya tuna ya taɓa riƙe haɓar mamacin.

Rannan Modu ya zo da kumburarren kunci. Nata'ala ya ce ya bari tukuna. Modu ya ce, "Haba suruki, tsorona kake ji ko tsoron Baba? Cire." Ya cire. Mako bai zagayo ba aka yi wa Modu sutura, ya bar matarsa da tsohon ciki.

Ashafa ya faɗa a bainar jama'a a kasuwa: "Duk bakin da hannun nan ya shiga, ku je ku tambaya ina mai shi."

Babu wanda ya yarda da maganar kamar Nata'ala kansa. Ya tuna wasan da ya yi, na sa wa mutanen gidan su Zara ciwon haƙori, ya ga kamar bakinsa ne ya kira. Ya rataye zabira. Yana dirje hannunsa da toka har fata ta tsattsage. Ya daina musabaha, a masallaci yana tsayawa can bayan sahu, kada kafaɗarsa ta taɓa ta wani. Abinci ma ba ya iya kai shi baki da wannan hannun.

Ya aika da saƙo: "Ki ce wa Zara na sake ta daga alkawari. Ta auri mai tufafi."

Amsa ta zo da zafi: "Ki ce masa ina cikin makokin yayana ya ga damar yar da ni. Na gode."

Ya Kaka ta faɗi saƙon a bakin ƙofar ɗakinsa, sannan ta leƙa ta ga yadda ya rame, ta ga hannun. Ta juya ta tafi. Washegari ta dawo da wani: "Ta ce ba ta san halin da kake ciki ba. Ta ce ka ci abinci, ɗan wanzan, ko don ita."

Bai ci ba sai kaɗan. Ashafa kuwa, da abin ya yi tsanani, ya ɗaure kayansa ya bi fatake, bai yi wa gidan Goni sallama ba.

Matar Modu ta haifi namiji. Ranar suna ta zo, babu wanzamin da zai yi wa jaririn aski. Na gidan ya rasu, sauran suna kwance ko sun gudu ƙauye. Da hantsi Goni ya tako da ƙafarsa har ƙofar Nata'ala.

Nata'ala ya zube ƙasa. "Allah ya gafarta Malam, hannuna ne ya kashe Modu."

"Ni na yi wa Modu tofi da bakina, ni na shafa masa rubutu. Ko ni ma na kashe shi?"

"Naka daban, Malam."

Goni ya dube shi. Idonsa ya faɗa, rawaninsa ko naɗin kirki babu. "Ban zo gardama ba. Jikana ba zai kwana da gashin haihuwa ba. Tashi."

Ya bi shi. Ya Kaka ce ta riƙe jaririn a cinyarta. Ya ɗauki askar, sai da ya ajiye ta ya sake ɗauka. Daga bayan asabari ya ji muryar Zara ƙasa-ƙasa: "Yi bismilla kawai." Ya yi. Ya aske kan tas, bai karce ko kaɗan ba, ya tattara gashin ya miƙa, ya fita waje ya yi amai.

Daga nan kullum sai ya tsaya a bakin lungu yana jiran ya ji kuka daga gidan. Yaron yana nan yana shan nono. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, cewa yake lokaci ne bai yi ba.

Goni ya gan shi a tsaye rannan, ya kira shi zaure.

"Na san ba ka warke ba, ban kuma san ko za ka warke ba. Abin da ke hana ni barci, in na faɗi gobe wa zan bar wa yarinyar nan? Wanda na zaɓa mata ya gudu da kayansa. Kai tsoron da kake ji, ba don kanka kake jinsa ba. Na tambaye ta, ta ce kai. Turo manyanka, in akwai wanda ya rage."

Baffansa ɗaya ne ya rage. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, mutanen da suka zo ba su cika tabarma biyu ba. Babu kiɗa, babu guɗa, don gidan da ke maƙwabtaka ana zaman makoki. Goni ya ɗaga hannu. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ɗauke mana wannan annoba. Allah ya sa ku ga furfurar juna." Aka shafa.

Da la'asar aka kai ta. Da 'yan rakiya suka watse ta ajiye akushin tuwo a tsakaninsu. Nata'ala ya zauna can gefe, hannunsa cikin riga.

"Matso, ɗan wanzan."

"Zarata, ina tsoro."

"Na sani." Ta matso da kanta, ta zaro hannun daga cikin rigar, ta riƙe shi da nata biyu, duk da tsagar da ke jikinsa. "Mutuwa ta san hanyar gidanmu, ba sai ka kawo ta ba. Ci abinci."

Ya so ya janye hannun. Ta ƙi saki, har ya gutsuri lomar farko.