Lambar Dubu Goma da Ɗaya

A shekarar da Baba ya sayo talabijin, 'yarsa, wata yarinya 'yar aji shida a Fagge, ta shiga tsaka mai wuya.

Ranar Alhamis, Malama Gumsu ta rubuta 10,001 a allo.

"Cika ce ko mara?" ta tambaya.

"Mara ce!" in ji 'yan aji.

"Madalla. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Ni ina kiransu masu taurin kai. Ku gwada wannan da masu taurin kan da ke ƙasa da ɗari. Wadda ta gano halinta, ita za ta je gasar lissafi a Sabon Gari."

Yarinyar ta daɗe tana burin wannan gasa. A gida ta gwada biyu, uku, biyar, bakwai. Duk ba su raba ta ba. Sai ta ji an kunna talabijin, yaran unguwa sun cika zaure. Ta ajiye fensir.

Washegari ta ɗaga hannu. "Mai taurin kai ce, Malama."

"Kin gwada duka?"

"E, Malama."

Ƙawarta Fanta ta ce, "Ni ban gama ba. A arba'in da ɗaya na tsaya."

"To, ke za ki je gasa," Malama ta ce wa yarinyar. "Ranar Litinin ki nuna wa aji aikinki a allo."

Yarinyar ta koma gida. Ko tuwo ta kasa ci. Ranar Asabar ta zauna tana ta rabawa, tana fatan kowace lamba ta bar saura. Sittin da bakwai ta bari. Saba'in da ɗaya ma ta bari. Da ta zo saba'in da uku, sai ga ɗari da talatin da bakwai cif, babu saura. Ta sake yi. Haka dai.

"Lafiya, 'yar boko?" in ji Baba. "Ko lambobin ne suka cije ki?"

Ta fashe da kuka, ta gaya masa komai.

"Kuskure ba laifi ba ne," in ji Baba. "Laifin shi ne cewa kin yi abin da ba ki yi ba. Je ki gyara."

Ranar Litinin ta tsaya gaban allo.

"Malama, ƙarya na yi. A bakwai na tsaya, na tafi kallon talabijin. Lambar tana rabuwa."

Ta rubuta: 73 × 137 = 10,001.

Malama ta duba da kyau. "Daidai ne. Amma Fanta ce za ta wakilce mu, domin ita ta faɗi gaskiya tun farko."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Sai dai Fanta tana bukatar abokiyar bita. Ku shirya tare, ku tafi tare."

Fanta ta daki kafaɗarta tana dariya. "Amma ban da talabijin!"

A Sabon Gari, Fanta ta zo ta ɗaya. Duk zauren gasar, babu wanda ya kai ƙawar tata tafa mata.

Tun daga ranar, yarinyar ba ta ƙara cewa "na gama" ba sai ta gama ɗin da gaske.