Shaidar Yaya Sa'idu

"Wallahi Baba ba za mu janye ƙarar nan ba!"

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Inna ta saki ludayin da ke hannunta, ta dafe ƙirji.

"Ummulkhairi! Babanki kika hwaɗa ma haka?"

"Bar ta," in ji Baba, idonsa jajir. "Ke da wa? Ko aure ba a ɗaura ba har kun zama ku? Yayanki ne bisa sitiyarin motar nan, ko kin manta?"

Ban manta ba. Ta yaya zan manta?

Mukhtari tela ne a kasuwar Bodinga, ni kuma malamar firamare a garinmu Shagari. An sa ranar aurenmu bayan girbi. Wata Laraba ya hau kekensa zai zo wurina, motar kamfanin da ke raba wa 'yan kasuwa fulawa da sabulu ta kwashe shi a gangaren hanya. A asibitin Sakkwato aka yanke masa ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita.

Direban motar kuwa Yaya Sa'idu ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Lokacin ƙasa ta shiga tsuke bakin aljihu. Albashinmu na malamai ba ya zuwa, madara da sabulu sai an bi layi. Aikin Yaya ne ke riƙe da gidanmu. Mai kamfanin, Alhaji Na'Allah, ya aika wa iyayen Mukhtari buhun shinkafa, ya ce ƙaddara ce a yi haƙuri. Da suka kai ƙara kotu suna neman diyya, sai lauyansa ya ce ai Mukhtari ne ya faɗo titi bai duba ba.

Wannan ƙaryar ce ta hana ni barci.

Na tafi Bodinga na same shi a zaure, sandunansa jingine da bango. Ya rame, sai idanu.

"Ummu... zan janye ƙarar," ya ce, bai kalle ni ba. "Ba ni son in zama sanadin rabuwarki da gida. Maganar aure ma... ki nemi mai ƙafa biyu."

"Kalle ni, Mukhtari!"

Ya ɗago a hankali.

"Ƙafarka na ce ina so? Kai nika so, masoyina, kai! Amma in ka bari sunka maishe ka mai laihi bayan sun raba ka da ƙafa, to a nan ne za mu ɓata."

"Yayanki fa?"

"Bar ni da Yaya."

Ya yi murmushi, hawaye na bin kumatunsa. "Ke dai ba ki jin tsoro, Ummuna."

Ina jin tsoro mana. Duk da haka na je na sami Yaya Sa'idu a bayan gidanmu yana ba awaki dusa. Tun ranar haɗarin bai yarda mun haɗa ido ba.

"Yaya, don girman Allah, mi ya faru ranar?"

Ya ci gaba da zuba dusa.

"Yaya!"

"Burki ne!" Ya yar da kwanon. "Na taka, na taka, babu! Na daɗe ina hwaɗa ma manaja burkin nan ya mutu. Yac ce kayan gyara sun ɓace a ƙasa, ko in tuƙa haka nan ko in aje makulli. Mukhtari bakin hanya yake, bai yi komai ba..."

Ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"To ka hwaɗa ma alƙali."

"Su kore ni? Mi za mu ci? Inna fa? Matata da ke da tsohon ciki fa?"

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba. Amma motar nan har yanzu tana bisa hanya. Gobe ɗan wa za ta taka?"

Na tafi na bar shi durƙushe.

Ranar da aka zauna a babbar kotu a Sakkwato, daga gidanmu ni kaɗai na je. Lauyan kamfani ya yi ta zuba Turanci, har na ga kafaɗun Mukhtari sun sauka. Can sai ga Yaya Sa'idu ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a. Ya matsa kusa da lauyanmu ya ce yana son ba da shaida.

Ya rantse da Alƙur'ani, ya faɗi komai. Bai rage kalma ɗaya ba. Alhaji Na'Allah ya tashi ya fice tun bai gama ba.

Shari'ar ta ja har damina ta sake zagayowa. A ƙarshe alƙali ya ɗora laifi a kan kamfanin, ya ce su da masu inshorarsu su biya diyya. Mukhtari ya sayi keken ɗinki na hannu ya koma rumfarsa.

Yaya kuwa tun washegarin shaidarsa aka sallame shi. Ya kwashi iyalinsa ya koma noma a Kajiji. Gidanmu ya sha wuya, har kwana muka yi babu wuta a murhu. Baba ya daina amsa gaisuwata. Amma bai hana auren ba.

Ranar da za a kai ni Bodinga, aka shigar da ni ɗakinsa lulluɓe don sallama. Na durƙusa na riƙe ƙafafunsa.

"Baba, ka yahe mani..."

Ya gyara zama.

"Har yanzu ban ce kin yi daidai ba, Ummulkhairi."

"Na sani, Baba."

Sai na ji tafin hannunsa a kaina.

"Wanga taurin kai naki, wajena kika ɗauko shi. Tashi ki tai gidan mijinki, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka."

A nan kukan da na riƙe tun ranar haɗarin ya ƙwace mini.