Ranar da Aka Harbi Burtun Jatau

Tun kafin kiran assalatu Jatau ya rataya tsohuwar bindigarsa adaka, ya ɗauki busasshen kan tsuntsun burtu da yake farauta da shi, ya fice ta bayan rumbu. Kwana tara ke nan wani ƙaton gadu yana shiga gonarsa yana tone rogo, rogon nan kuwa shi zai riƙe gidansa har kaka. Tura ta kai bango.

A bakin rafi ya yi sallah. Gari na wayewa ya tsinci sawu a laka, da inda haure ya kankare saiwar kalgo. Ya kutsa cikin gamba da sabara, raɓa ta jiƙa shi sharkaf. Hantsi bai ɗaga ba ya hango mutumin nasa a fadama, ya durƙusa da gwiwoyin gaba yana tono hankali kwance, sai ka ce gonar ubansa.

Jatau ya ɗaura kan burtun a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya shiga rarrafe yana caccakar ƙasa da dogon bakin kamar tsuntsu mai kiwo. Dabba ba ta gudun burtu, don haka maharba ke yin shigarsa. Shi ya sa duk wanda ya tashi a ƙauyen Tsaunin Kirya ya san ba a harbin burtu, don ba ka san ko mutum ne a ƙarƙashinsa ba.

Saura taku ashirin sai ya ji daram! Wani abu ya fizgi kansa baya, bakin burtun ya tarwatse. Gadu ya ɗaga wutsiya, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Jatau ya kwanta rub da ciki. Ya shafa kunne, ya ga jini. Ɓarayin daji ne, ba shakka. Ya juya bakin adaka wajen ciyawar da ke motsi, ya ɗana kunamar bindigar, ya auna daidai ƙirjin mai tahowa.

Mutumin ya ɓullo a guje yana dariya, da sabuwar bindiga mai baki biyu a hannu. Sabi'u ne, ɗansa na fari. Tun yana ƙarami aka kai shi birni karatu, jiya ya zo hutu da abokan aikinsa, wai za su ɗan shaƙata a daji. Jatau barci ya bar shi yana yi.

"Na same shi! Ku zo ku ga ƙaton tsuntsu!" in ji Sabi'u.

Sai tsuntsun ya miƙe tsaye, ya yaye zane.

Bindigar ta suɓuce daga hannun Sabi'u. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba? Wallahi, Baba, tsuntsu na gani!"

Jatau ya dubi adakarsa, kunama na nan a ɗane. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe shi, ya kwance ta a hankali.

"Ni kuma ɓarawo na gani," in ji shi.