Wuyan Dodon Da Ya Ƙi Tsayuwa

Ranar da suka fara haɗuwa, kwali ne ya fashe.

Auta tana aiki a ofishin karɓar saƙon kaya, bayan wata doguwar kanta mai sikeli a gefe. Da hantsi wani saurayi dogo mai sanyin murya ya miƙo mata takardarsa. Ta ɗauko kwalinsa, ashe gindin ya jiƙe a hanya. Kafin ta dire shi ya yage. Sai ga ƙananan bulo na roba, ja da baƙi da kore, kowanne da 'yan maɓallai a samansa, sun watsu suna tsalle a ƙasa. A jikin kwalin akwai hoton wani dodo mai ƙaho uku, ya wangame baki.

"Wayyo, ka yi haƙuri! Na ɗanka ne?"

"Nawa ne," ya ce, yana durƙushe yana tsincewa.

"Naka? Kai da gemunka?"

"Gemun bai hana ba."

Ta yi dariya, ta durƙusa ta taya shi. Da za ta tashi aiki ta ji wani abu yana tokare mata yatsa a cikin takalmi. Ta zazzage, sai ga ɗan jan abu zagayayye. Ta nemo lambarsa a takardar kaya, ta tura masa saƙo.

"Sallama. Mai fasa kwali ce. Na tsinci wani jan abu a takalmina, sai hararata yake yi."

Amsa ta zo nan take: "Idonsa ne. Tun ɗazu yake zaune da ido ɗaya."

"To ka zo ka karɓa kafin ya cije ni."

Ya zo, amma bai karɓa ba. Ya ce ta riƙe, don ya samu dalilin dawowa. Daga ranar yake kiranta Ƙwayar Idona, ita kuma ta raɗa masa Dodona.

Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Yini yake yi yana kallon cikin mutane, wanda su kansu ba su taɓa gani ba. In ya dawo gida sai ya zauna ya buɗe ɗan littafin da ke zuwa a cikin kowane kwali, ya bi shi shafi-shafi yana haɗa dodo.

Wata Asabar Auta ta ja yayarta suka je ganin ɗakinsa. Katakai huɗu ne a jikin bango, cike taf. Ga mai fikafikan jemage, ga kifi mai ƙafafu shida, ga wani kore da bakinsa ke a tumbinsa, ga mai ƙaho ukun nan da idonsa ɗaya. Yaya ta ja da baya tana salati.

"Auta, nan za ki zauna? Ko abinci ba zan iya ci ba ana kallona haka."

A tsakiyar teburi kuwa akwai wani babba, baƙi ƙirin, ya kai tsawon hannu biyu. Wuyansa dogo ne, an tallafe shi da littattafai uku.

"Wannan fa?" in ji Auta.

"Wannan ba shi da littafi. Da ragowar bulo nake gina shi. Shekara huɗu ke nan, kullum wuyan sai ya karye."

Da Yaya ta fita amsa waya, ya gaya wa Auta dalilin. Yana da shekara tara katangar ɗakinsu ta faɗo musu, shi da ƙaninsa. Shi ya fita da rai, ƙanin bai fita ba. A cikin ƙura da duhun nan, kafin a tono shi, ya ga wani abu baƙi mai dogon wuya ya sunkuyo ya ɗauke yaron. Yanzu ya san babu wani abu haka. Amma har gobe in babbar mota ta wuce bango ya girgiza, hannunsa sai ya kama rawa.

"Dodon da na haɗa da hannuna ba ya ba ni tsoro," ya ce, "domin na san abin da ke cikinsa. Wannan ne kaɗai ya ƙi. Don Allah ki bar maganar nan tsakaninmu. Ba na son a riƙa kallona da tausayi."

Ta yi masa alkawari.

Baban Auta magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo. Tafin hannunsa siminti ya cinye shi har ya yi kaushi kamar dutsen guga. Yawancin aikinsa daga wajen wani ɗan kwangila yake zuwa, matashi mai mota da yawan turare, wanda ya daɗe yana kai wa Auta gaisuwa tana amsawa a daƙile. Da ɗan kwangilan ya ji labarin mai dodanni, ya bi ta bayan gidan saurayin da rana ya ɗauki hoton ɗakin ta taga, ya tura wa Baba.

Ranar Lahadi da yamma, wadda aka shirya saurayin zai zo gaisuwa, Baba ya kira Auta falo ya miƙa mata waya.

"Mene ne wannan?"

"Kayan wasa ne, Baba."

"An ce gumaka ne. An ce shi kaɗai yake rufe ƙofa yana magana da su."

"Wallahi ba haka ba ne!"

"To in wasa ne ya fi muni. Ƙato mai shekara talatin! Ni ina ɗora bulon da mutane ke kwana a ƙarƙashinsa, shi yana ɗora na roba yana sa masa haƙora. Shi zan ba 'yata? Gaya mini dalili ɗaya da zai sa mai hankali ya yi haka."

Dalilin yana bakinta, amma ta yi alkawari. Tsoro ya kama ta, sai ta faɗi abin da ya fara zuwa.

"Baba, shirme ne kawai irin na yara. Da an yi auren zan sa a kwashe tarkacen nan a zubar."

Mama ce ta ɗaga labule ta ce, "Wa ya ajiye ledar lemo a bakin ƙofa?"

Auta ta fita da gudu. Ba ta ga kowa ba sai bayan saurayin, can ya kusa shan kwana, yana tafiya kai a sunkuye.

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta: "Dodona, ba abin da ke zuciyata ba ne. Tsoro na ji. Ka saurare ni."

Sai washegari ya amsa: "Ban ga laifinki ba. Kowa haka yake cewa. Na dai ɗauka ke ba kowa ba ce."

Kwana goma ba ta ƙara jin muryarsa ba. A wurin aiki ta riƙa ba mutane kayan da ba nasu ba, har shugabarta ta ce ko ta je gida ta huta. Ɗan kwangila kuwa ya mayar da gidansu wurin zuwa, yana zama yana kaɗa makullin mota.

"Ranki ya daɗe, ni gidajen gaske nake ginawa. Naki ma mai bene zan yi."

"Baba ne yake ginawa," ta ce. "Kai tsayawa kake yi a inuwa."

A rana ta goma sha ɗaya saƙo ya shigo: "Ƙwayar Idona, na rushe su duka, suna cikin buhu. Ki gaya wa Baba. Saura ɗaya, hannuna ya kasa. Ki ba ni lokaci."

Auta ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai yawa. Ta san ba kayan wasa kawai ya rushe ba. Ta kai wa Baba wayar, ya karanta, ya ture ta gefe.

"Yau ya rushe, gobe ya sake. Sa mayafinki. A gabanki zan gaya masa ya fita hanyarki, kada a ce na yi a ɓoye."

Suka same shi ya rame, idanunsa sun faɗa. Katakan nan huɗu babu komai sai ƙura da sawun ƙafafun dodanni. Buhu uku a jingine a lungu. A kan teburi babban baƙin yana nan, wuyansa ya karye biyu, kansa a kwance a gefe.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya jawo masa kujera. Baba bai zauna ba.

"Samari, ba doguwar magana na zo yi ba. Ni mutum ne mai..."

Ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan wuyan nan. Ya kawar da kai, ya gyara murya.

"Na ce ni mutum ne mai son gaskiya. 'Yata ba..."

Idon ya sake komawa. Auta ta san wannan kallon. Shi ne kallon da yake yi wa katangar mutane in suna tafiya a titi, har Mama ta ce masa ba a ɗauke shi aiki ba.

"Wai wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"Sau nawa ya karye?"

"Na daina ƙirgawa."

"Yo ba dole ba!" Baba ya ɗauki guntun wuyan ya juya shi. "Dubi nan. Ka jera bulo ɗaya a kan ɗaya, gaɓa a kan gaɓa, tun daga ƙasa har sama. Ko leburan da ya kwana biyu a wurin aiki ba zai yi haka ba. Kowane bulo kan mahaɗar biyu na ƙasa yake hawa, ya riƙe wannan ya riƙe wancan. Sauran da ka rushe su ma haka suke faɗuwa?"

"A'a. Su littafi nake bi."

"To mai littafin ya san aiki, kai ne kake bi ba ka kallo. Miƙo mini dogo mai maɓalli takwas."

Babu a kan teburi. Aka kwance buhu aka zazzage a ƙasa. Baba ya zauna a kujerar da ya ƙi ɗazu, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Yatsunsa sun yi wa bulon girma, sai ya riƙa nunawa saurayin yana dannawa, Auta tana tono baƙaƙe daga cikin tarin.

"Lebura, ba wannan ba, dogon! Ke ma ashe ba ki gaji komai ba."

Wuyan ya fara tashi. Ana cikin haka wata babbar mota ta wuce, taga ta yi ƙara. Hannun saurayin ya kama rawa har bulon ya suɓuce. Baba ya dube shi.

"Me ya same ka?"

Saurayin ya kalli Auta. Ta matso kusa da shi. Sai ya faɗa da bakinsa, katangar da ƙanin da abin da ya gani a cikin ƙura.

Baba ya murza ɗan bulo a hannu.

"Katangar nan, yaya ta faɗi? Ka tuna?"

"Tsagewa ta yi daga sama har ƙasa, miƙe, kamar an yanka da wuƙa. Sai rabin ya kwanto."

"Gaɓa a kan gaɓa," in ji Baba a hankali. "Ɗana, ba dodo ne ya ɗauki ƙaninka ba. Kwanansa ne ya ƙare, sanadin kuwa mugun aiki. Na ga irinta sau uku a rayuwata, har yau ina ganinsu in na rufe ido."

Saurayin ya kifa kai a kan teburi, kafaɗunsa suna girgiza. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "To, tashi. Ba a barin aiki a rabi."

Kafin rana ta faɗi suka ɗora kan. Baba ya zare littattafan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ya buga teburin da tafin hannu. Wuyan ya ɗan yi lilo, ya tsaya.

Auta ta buɗe jakarta ta ɗauko jan idon da ta tsinta a takalmi. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka yafe mini, Dodona."

"Ke za ki sa masa," ya ce.

Ta danna shi a goshin dodon. Baba ya mayar da hularsa, ya kalli abin sama da ƙasa.

"Muni dai yana da muni. Amma zai tsaya. Ka turo manyanka."

Ɗan kwangila ya janye aikinsa daga hannun Baba. Wata biyu aka yi ana shan wuya a gidan, Mama tana cewa roba ta hana su cin nama. Baba ya ce gara haka da ya ci gaba da yi wa mai leƙen tagar mutane aiki. Daga baya wani aikin ya zo.

Aka ɗaura auren ranar wata Asabar mai sanyin iska. Baba ya riƙe hannayensu biyu a cikin nasa mai kaushi, ya ce, "Allah ya sa ku riƙe juna, wannan ya riƙe wancan. Allah ya tsare ku daga abin da ke faɗowa ba a shirya ba." Kowa ya ce amin, Yaya tana share ido tana cewa ita fa har yanzu ba za ta ci abinci a ɗakin ba.

Buhu ukun nan amarya ce ta kwance su da kanta. Sun ɗauki shekara guda suna mayar da dodannin kan katako, sai mai ƙaho ukun da ya ci gaba da zama da ido ɗaya. Baba kuwa duk ƙarshen mako sai ya zo, ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ya gaisa a tsaye, ya wuce wurin teburi, ya buga shi sau ɗaya da tafin hannu, sannan ya zauna a kawo masa shayi.