Ɓarawon da Ya Bar Agogo

Ranar Asabar da hantsi, shekara guda bayan samun 'yancin kai, aka tashi Saje Tanko daga kan kokonsa da ƙosai, wai an yi sata a Nassarawa, gidan Alhaji Sule, babban ma'aikacin gwamnati. Ya tako kekensa yana haki, a ransa an fasa akwatin gwal ne.

Ashe littafin rubutu ne. Kai, duniya!

"Saje, shekara biyu ina cika shi," in ji Hamisu ɗan gidan, idonsa jawur. "Duk lissafin da malaminmu ya warware yana ciki. Jibi Litinin jarrabawar babban lissafi. In na faɗi, babu ni babu jami'a."

Saje ya haɗiye takaicinsa ya duba ɗakin. Wayar taga ba a yanke ba. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Agogon hannu na kan tebur, ga alƙalami da kwalbar shuɗiyar tawada, ga wani ƙaton littafin lissafi bugun Ingila.

"Yaushe rabonka da wanda ya ɓata?"

"Jiya, kafin mu tafi Juma'a. Da na dawo bugaggen na yi ta karantawa."

"Wa kuka bari a gida?"

"Cornelius abokin karatuna, da Garba kuku, sai kakata Iya Indo. Ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba."

Alhaji ya riga ya aika direba Tudun Wada an ɗauko Cornelius. Yana tsaye a baranda, ransa a ɓace.

"Kai kaɗai aka bari a ɗakin," in ji Saje.

"Gindin mangwaro na zauna, ranka ya daɗe. Kuma me zan yi da shi? Rubutun Hamisu sai ka ce kaza ta yi tono. In sata ce, wancan bugaggen zan ɗauka. Wata uku ina roƙon aronsa."

Saje ya juya kan Garba kuku.

"Wallahi Saje, ni da takarda sai dai in hura wuta."

"To, ka hura da ita?"

"Haba! Jiya ma Iya ta kore ni daga madafa. Ta ce ita za ta dama wa jikanta kunun tsamiya da hannunta. Ina gindin mangwaro tare da wannan yaron."

Mutum biyu sun fita ke nan, kuma Alhaji na ta sintiri yana faɗin a kama wani, ko ma waye. Saje ya ji kamar ya hau kekensa ya koma wa ƙosansa. Sai ya zagaya bayan gida don ya sha iska. A ramin shara ya ga wani kwali ya jiƙe ya yi laushi, alhali rabon Kano da ruwan sama wata guda. Ya ɗaga da sandarsa. Bangon littafi ne, ƙarƙashinsa dunƙulen takardu fari fat kamar dusar da aka tace. A kan katangar madafa kuwa an kife ƙwarya da ludayi. Ya juya ludayin, cikinsa ya rine shuɗi.

Ya dawo baranda a hankali.

"Hamisu, fito da harshenka."

"Harshena kuma?"

"Fito da shi, na ce!"

Da sauran shuɗi-shuɗi a can ciki.

"Yaya ka ji kunun jiya?"

"Ɗanɗanon ƙarfe-ƙarfe. Na sha da safen nan ma, don Iya ta tsare ni."

Saje ya dafe goshi. "Alhaji, ɓarawon da ya bar agogo ba abin sayarwa yake nema ba. Wanda ya bar bugaggen littafi ba karatu yake nema ba. Tawadar ɗab'i ba ta wankuwa, ta alƙalami kuwa tana wankuwa. A kira mini Iya."

Ta fito tana gyara mayafi, ko a jikinta.

"Iya, ina littafin yaron nan?"

"Yana cikinsa mana," ta ce. "Ni na jiƙa, na tace, na dama. Ɗan nan, wata biyu ina kallon maigidan nawa yana ramewa kan takarda. Ubansa ga shi nan, da rubutun sha ya sauke karatu, Malam ya rubuta a allo in wanke in ba shi. Ilimi ai ilimi ne. Na gwada ƙaton ma, shafi ɗaya, ya ƙi sakin ruwa."

"Innalillahi!" in ji Alhaji. "Inna, wancan ayoyi ne, wannan lissafin Turawa!"

Hamisu ya zube kan dakali ya fashe da kuka. Nan fa fuskar tsohuwa ta canza. Saje ya ji tausayinsu duka biyu, abin da ya ƙara masa haushi, don ba shi da wanda zai yi wa tsawa. Sai ya yi wa Hamisu.

"Tashi! Kuka zai ci maka jarrabawa? Cornelius, buɗe ƙaton nan ka ba shi tambaya, mai wuya."

Cornelius ya karanto ɗaya. Hamisu ya ja majina ya ɗauki alƙalami. Layi ɗaya, layi biyu, sai hannu ya kama gudu har ya cika shafi. Cornelius ya duba amsar a bayan littafi.

"Daidai ne. Ga wata."

Ita ma daidai.

"Ka gani?" in ji Saje. "Abin da hannunka ya rubuta shekara biyu yana kanka. Ba sai..."

"Alhamdu lillahi!" Iya Indo ta rangaɗa guɗa. "Ya fara aiki! Na ce muku!"

 Saje ya zaro ɗan littafinsa na aiki ya rasa abin da zai rubuta. Sai ya ga tsohuwa ta ƙura wa littafin ido.

"Ɗan nan, shekararka nawa kana saje ba ƙarin girma? Kawo nan in jiƙa maka."

Saje Tanko ya cusa shi a aljihu, ya ɓalle maɓalli, ya hau kekensa.